Daga ɗakin jego zuwa Kware: yadda muka nema wa ƙanwata magani da ta fara jin muryoyi

Na rubuta wannan ne domin duk wanda wani nasa ya fara ganin abin da ba kowa ke gani ba, ko jin maganar da ba kowa ke ji ba, ya rasa inda zai dosa. Haka ta same mu a gidanmu da ke Argungu bayan ƙanwata ta yi haihuwar fari, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne rashin sanin inda ake farawa da abin da ake faɗa idan an je. Ita da kanta ta yarda in ba da labarin, da sharaɗin ba zan kama sunan kowa ba.

Gida ta dawo wanka kamar yadda aka saba. Ta haihu lafiya a asibiti, aka yi suna, baƙi suka watse. Abin da ya fara ɓacewa barci ne. Kowace mai jego tana fama da ƙarancin barci, amma nata daban yake: jaririya tana barci, ita idonta biyu, tana ninke kayan barka tana warwarewa, tana zuba zance ba ƙaƙƙautawa, alhali da can ba mai yawan magana ba ce. Kowa ya ce gajiyar hidima ce. Bayan suna da 'yan kwanaki, da tsakar dare ta tashe ni ta ce, “Yaya, ki ce wa matan can su daina magana a kaina.” Na ce waɗanne mata? Ta ce ga su nan bayan taga, suna cewa nononta ya lalace, in ta ba yarinyar za ta mutu. Na ɗauki fitila na zagaya, babu kowa sai awakin Inna a ɗaure. Washegari ta ƙi shayarwa, ta ture kunun kanwa ta ce warin fetur yake yi, ta hana kowa ɗaukar jaririyar ban da ni.

Nan fa kowa ya kawo nasa bayanin. Inna ta ce iska ce, mai jego jikinta ɗanye ne. Gwaggo ta ce baki ne na taron suna. Daga gidan miji aka fara raɗe-raɗin sammu. Aka kira malamin unguwarmu ya yi mata ruƙiyya, kuma gaskiya ta ɗan natsu yana karatu. Da ya gama sai ya tambayi Inna ko jikinta da zafi, da kuma rabonta da barci. Da ya ji amsa ya ce, “Hajiya, addu'a ba za mu fasa ba, amma ku kai ta asibiti yau ɗin nan. Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.” Har gobe ina yi wa malamin nan addu'a, domin a ranar akwai wanda ya kawo shawarar a kai ta wani gida a ƙauye inda ake ɗaure masu irin wannan lalura ana yi musu hayaƙi da bulala. Ina faɗa da babbar murya, duk inda za a ɗaure mara lafiya ko a doke shi ba wurin magani ba ne, ko da wane suna aka kira wurin.

Da sassafe muka isa asibitin gwamnati mafi kusa da mu. Na haɗa katin awon cikinta, da takardar sallama daga ɗakin haihuwa, da duk magungunan da take sha, har na gargajiya, na zuba a leda guda. Aka fara da tagar yankan kati, sannan benci. Da malamar asibiti ta zo tambayar abin da ke tafe da mu, Inna ta ce “ba ta jin daɗi ne,” saboda kunyar mutanen da ke zaune. Na matsa kusa na faɗa mata a hankali cewa sabuwar haihuwa ce, ba ta barci, tana jin muryoyi, ta daina shayarwa. Waɗannan kalmomin ne suka fitar da mu daga layi, nan take aka auna zafin jikinta da hawan jini aka shigar da mu wurin likita. Tambayoyinsa na farko sun ba Inna mamaki: ina ne nan, yau wace rana ce, wace ce wannan da ke kusa da ke, me kika ci da safe. Ƙanwata ta amsa duka daidai, sai dai tana yi tana waiwayen ƙofa. Ya sa ungozoma ta duba ta ko akwai alamar ƙwayar cuta a mahaifa ko ƙurji a nono, ya rubuta gwaje-gwaje: zazzaɓin cizon sauro, yawan jini, suga, fitsari, aikin ƙoda da gishirin jiki. Wasu aka yi a nan, wasu sai da na hau kabu-kabu na kai jinin wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari. Gaba ɗaya sun ci mana kusan naira 20,000 a lokacin, kuma kun san yadda farashi yake tashi, don haka a riƙo fiye da haka.

Inna ta kasa haƙuri ta ce, “Likita, mi ya haɗa fitsari da wanga al'amari?” Amsar da ya ba ta ita ce abin da nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Ya ce gane-gane da jin muryoyi alama ce, ba sunan cuta ba ne, kamar hayaƙi ne, sai an bi an gano inda wutar take. Zazzaɓi mai zafi yana kawo shi, musamman maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, haka sanƙarau, da faɗuwar suga, da ciwon ƙoda ko hanta idan ya yi nisa, da ƙwayar cuta da ta shiga jini bayan haihuwa. Wani nau'in farfaɗiya yana sa mutum ya ji warin da babu shi ko ya ga wani abu kafin ta kayar da shi. Ƙwayoyi irin su tiramol da wiwi suna kawo shi, haka wanda ya saba da giya ya yanke ta farat ɗaya. Ya ce shi ya sa ya tambaye ta rana da wuri: wanda ciwon jiki ya rikita yawanci yakan rasa inda yake, ya kasa tsayar da hankali, ya ɗan warware da rana ya rikice da dare, kuma irin wannan yana iya kisa cikin kwanaki kaɗan idan aka tsaya ana cewa taɓin hankali ne. Hawan jinin kuma ya auna ne domin jijjiga tana iya zuwa ko bayan an haihu. Sai an kawar da waɗannan duka sannan a juya ga likitan ƙwaƙwalwa.

Aka ba mu gado a ranar. Da dare ta rikice sosai, tana neman fita da jaririyar, aka yi mata allurar kwantar da hankali, ta samu barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Kashegari da hantsi ina ba ta shayi sai na ga wuyanta ya murɗe gefe guda ya ƙage, idanunta sun yi sama sun tsaya, harshenta ya leƙo waje, yawu yana zuba a kan zanenta. Tana jina, tana matse hannuna, amma ta kasa magana. Inna ta fasa salati, matan da ke jinya a ɗakin suka ja da baya, wata ta ce ai ga shi nan ya bayyana. Na ruga na kira nas. Tana ganinta ta ce illar allurar jiya ce, ta kira likita, aka yi mata wata allurar, kafin a kira azahar wuyan ya saki. Likitan ya ce magungunan irin su haloperidol suna yin haka ga wasu, musamman matasa, kuma yana da magani. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba wanda ya gaya mana tun farko cewa hakan na iya faruwa. Da a gida abin ya same mu, na tabbata da ba mai sake yarda a kusanci asibiti.

Sakamakon gwaji ya fito, babu maleriya, suga da ƙoda lafiya, jininta ya ɗan yi ƙasa kawai. Likita ya rubuta takardar tura mu Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, ya rubuta allurar da aka yi mata da illar da ta yi, ya ce kada mu bari takardar ta ɓata. A nan muka fi jan lokaci, ba don kuɗi ba. Duk ɗan yankinmu ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai wane Kware, kuma Inna tana tunanin auren 'yarta da bakin dangin miji. Kawu ne ya zaunar da mijin, ni kuma na maimaita masa bayanin likita kalma da kalma. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, in dai za ta warke, ko ina ne mu je.” Muka yi shatar mota, domin ba za a iya shiga motar haya da ita a wannan hali ba, shatar ta kusa naira 50,000 zuwa da dawowar direba. Bayan sallar asuba muka kama hanyar Sakkwato, muka ratsa gari muka hau hanyar Illela, Kware ba ta da nisa daga nan. Ni da mijinta muka sa ta a tsakiya, Inna tana gaba da jaririya da gwangwanin madara da fulas ɗin ruwan zafi.

Abin da na tarar ya sha bamban da abin da na ƙiyasta. Asibiti ne kamar kowane asibiti: wurin yankan kati da buɗe fayil, wurin biyan kuɗi, nas mai auna jini da nauyi, sai zaman jira. Jama'a suna da yawa, daga Kebbi da Zamfara da Sakkwato, har da waɗanda Hausarsu ta nuna daga Nijar suke, kuma mafi yawansu ba za ka iya bambance mara lafiya da ɗan rakiya ba. Zaman jiran ya yi tsawo, a zo da ruwa da abin taɓawa, amma a nan na ƙaru da abin da ba a karantarwa. Wani dattijo daga wajen Talata Mafara ya kawo ɗansa da ƙwaya ta sa yake jin ana kiran sunansa daga cikin rufin ɗaki. Wata mata kuma mahaifinta ta kawo, tsoho mai yanar ido, wanda da magariba yake ganin ƙananan yara suna wucewa ta tsakar ɗaki, shi da kansa ya san ba su nan, ya daɗe yana ɓoyewa don kada a ce ya zautu. Ta ce an gaya musu raunin gani kaɗai yana iya jawo haka, an kuma haɗa su da likitan ido. Mu uku a benci guda, alama iri ɗaya, sanadi daban-daban.

Ganin likita ya ɗauki lokaci fiye da duk wani ganin likita da na taɓa yi. Ta karanta takardarmu, ta fara ganawa da ƙanwata ita kaɗai, sannan ta kira mu. Ta tambayi ranar haihuwa, da ranar da barci ya ƙaurace, da ranar da muryoyin suka fara. Na ciro takardar da nake rubuta abubuwan da suke faruwa tun daga daren farko, ta karɓa ta karanta, ta ce wannan ya rage mata rabin aiki. Ta tambayi ƙanwata muryoyin nawa ne, na maza ne ko na mata, daga waje take jin su ko a cikin kai, da ita suke magana ko a kanta suke yi, suna ba ta umarni ko a'a. Sai ta yi tambayar da ta sa gabana ya faɗi, ba tare da kwana-kwana ba: shin ta taɓa jin ta cutar da kanta ko jaririyar? Ƙanwata ta ce ita ba ta so, amma matan suna cewa ta gudu da yarinyar bakin gulbi kafin a ƙwace ta. Ba wanda ya san da wannan a cikinmu, domin ba wanda ya tambaya. Likitar ta ce yin irin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, hanya yake ba shi ya faɗi abin da yake ɗauke da shi. Daga nan ta juya ga Inna: “Mama, a dangi akwai wadda ta taɓa yin irin haka?” Inna ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce ƙanwarta ta yi bayan haihuwa, shekaru da dama da suka wuce, aka ce iska ce. Ni kaina ranar na fara ji.

Likitar ta ce wannan rikicewar ƙwaƙwalwa ce da ke zuwa bayan haihuwa, tana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace 1,000 da suka haihu, yawanci a makonni biyun farko, kuma tarihin dangi yana ƙara haɗarinta. Ta bambanta mana ita da yawan kuka da saurin ɓacin rai da mata da yawa suke yi a kwanakin farko na jego ya wuce da kansa, da kuma ciwon damuwa mai tsanani da kan zo a hankali cikin makonni ko watanni. Wannan ta ce na gaggawa ne, amma yana cikin waɗanda ake warkewa sosai idan an kama da wuri. Saboda maganar gulbin nan ta ce sai an kwantar da ita. Aka ajiye kuɗin gado, muka sayi magani, aka kai ta ɓangaren mata. Inna da jaririya suka sauka gidan wata 'yar'uwarmu a Sakkwato, ni ina kai da kawowa. Kuɗin kati da na ganin likita ba su taka kara sun karya ba, abin da ya cinye mu shi ne mota, da abinci, da madarar jarirai, wadda gwangwani ba ya daɗewa. Duk wanda zai yi wannan tafiya ya yi lissafin waɗannan tun daga gida, ya kuma adana kowane rasit.

Barci ne ya fara dawowa, sannan cin abinci. Muryoyin ba su ɗauke rana ɗaya ba, ta ce da farko sun yi nisa kamar daga wani gida, sannan suka koma sai jefi-jefi, har ta wayi gari ta lura ba ta ji su ba tun jiya. Wata nas ce ta koya mini yadda zan yi magana da ita, kuma na ga amfaninsa. Ta ce kada in yi gardama da ita cewa babu kowa, domin ita da gaske take ji, kada kuma in biye mata in ce ni ma na ji. In ce mata, ni ban ji ba, amma na ga abin yana tsorata ki, ga ni nan tare da ke. Bayan ta warware na tambaye ta yadda muryoyin suke, ta ce, “Yaya, yadda nake jin taki yanzu, haka nake jin tasu, ba bambanci.” Tun daga nan na daina mamakin yadda ta ƙi yarda da mu a lokacin.

Da aka sallame ta an ba mu magani da ranar dawowa a rubuce a kati. Maganar shayarwa likita ce ta yanke, bayan ta duba irin maganin da take sha, kuma shawarata kada wanda ya yanke wannan da ka, a tambaya. Maganin ya sa ta yawan barci da ƙiba, aka rage shi a ziyara ta gaba da muka faɗa. Lokacin da ya fi haɗari a ganina shi ne bayan ta samu sauƙi, domin a nan ne masu zuwa gaisuwa suke cewa ai ta warke, a daina ba ta ƙwayoyin nan kada su zame mata jiki. Yanke magani farat ɗaya yana dawo da ciwon, likita ce take rage shi sannu a hankali idan lokaci ya yi. A wannan lokacin ne kuma kunya da baƙin ciki suka rufe ta, tana tuna abubuwan da ta faɗa a gaban surukai, tana kuka cewa ta kasa kula da 'yarta. Mun faɗa wa likita wannan ma, ta ce yana yawan biyo baya, ta ba shi lokacinsa a kowace ganawa. A can ne kuma na ji cewa tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin mai wannan lalura na a kula da shi cikin mutunci ba tare da wariya ba. Na gaya wa mijinta wannan, na gaya wa Kawu, domin a san ba alfarma ake yi mata ba.

Da za a tambaye ni, zan ce a fara da asibiti mafi kusa a ranar da abin ya bayyana, kada a jira a ga abin da hali zai yi, musamman idan akwai zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko mutum bai san inda yake ba, ko tsoho ne da ya rikice dare ɗaya, ko mai jego ce. A faɗi abin da ake gani ƙarara tun daga wurin nas ta farko, kunya a nan jinkiri take jawowa. A tafi da wanda ya kwana da mara lafiya ya ga komai da idonsa, da wanda ya san tarihin dangi, kuma in akwai maganar shan ƙwaya a faɗa, likita ba ɗan sanda ba ne. A nemi takardar turawa kafin a ɗauki doguwar hanya, a yi mata hoto a waya. Duk allura ko ƙwayar da za a bayar a tambayi sunanta da illar da za a sa wa ido. Kafin a isa asibiti kada a bar mara lafiya shi kaɗai, kada a bar mai jego ita kaɗai da jariri, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari da sauran magunguna daga ɗakin.

Saura maganar haihuwa ta gaba, wadda likitar ta zaunar da su ita da mijinta a kanta. Ta ce wadda ta taɓa yi tana cikin haɗarin sake yi, don haka su yi shawara da ita kafin wani cikin, kuma ranar farko da za ta je awo ta faɗa wa ungozoma tarihinta, a tsara yadda za a bi da ita tun kafin naƙuda. A gida kuma mun riga mun raba aiki: idan Allah ya kawo wata haihuwar, ni da Gwaggo za mu karɓi renon dare a makonnin farko domin ta samu barci, za a rage taron 'yan barka a ɗakinta, kuma daren farko da ta kwana ido biyu alhali jariri yana barci, da safe asibiti za mu nufa da katinta na Kware a hannu.